Kawu Ba Boka Ba Ne

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu kuma ya riga mu tafiya. Ya rasu cikin damina, gero ya kai gwiwa, aka kai shi da hantsi ana ɗan yayyafi. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. A gidansa na Madarunfa aka riƙe ni tun ban iya ɗaura zane ba har na zama malamar lakwal, wato makarantar boko, a Safo, saboda haka da aka zauna makoki ina cikin gida kusa da Inna, matarsa, muna amsa gaisuwa. Na yi kuka irin na kowa. Amma kafin azahar kukan ya tsaya, haushi ya maye wurinsa, kuma har yau da nake wannan rubutu bai sake ni ba.

Abin da aka saba, wanda ya zo gaisuwa ya yi wa mamaci shaida, ya faɗi alherin da ya sani. To ga irin shaidar da aka yi wa mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana koyar da lissafi a kwalaj. Wata tsohuwa ta ce Allah ya jiƙan Mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, shi da ke duban mutum ya faɗa masa lambar da ke cikin zuciyarsa. Wata ta matso, ta rage murya, ta ce wa Inna ta yi haƙuri, masu ba da irin wannan abu dama sukan dawo su karɓi abinsu. Daga zaure na jiyo wani tsohon ɗalibinsa da ya zama ma'aikacin duwan, wato kwastan, yana ba da labari da murya mai kauri, wai irin kan Mushe sai jefi-jefi ake haihuwarsa, wai baiwa ce, ba a koyonta. Maza suna ta cewa haka ne. Na kasa kunne ina jira wani ya ce ya koya mini, ko ya ce ya yi haƙuri da ɗana, ban ji ba har aka tashi salla.

A gefena Auta take, ƙaramar ɗiyarsa, ta lulluɓe kai. A shekarar ta ci jarabawar fita kwalaj, malamanta suka zaɓe ta ta tafi lise, makarantar gaba da kwalaj, a Maraɗi, ɓangaren lissafi da ake kira seri C. Babu abin da Kawu ya so kamar ya ga wannan. Tun kafin ciwo ya karya masa harshe ya kira ni ya ce in tsaya wa yarinyar nan, don ya san garinsu, ya san abin da za a zuba mata a kunne. Ga shi kuwa ana zubawa, tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ni kuma ladabin makoki ya ɗaure mini baki.

Abin da ya fi ci mini rai, shi da hannunsa ya kawo wa garin littafin da ya haifar da wannan magana. Ina kwalaj lokacin. Ya je Maraɗi ya tsaya wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, ya dawo da wani ɗan ƙarami na Faransanci, irin waɗanda ake rubuta wa mutanen da ba su da niyyar koyon lissafi amma suna son jin labarinsa. A bango an zana wani Bature, gashi a tsaitsaye, ido a waje, lambobi suna shawagi a kansa. Rabin littafin wasanni ne na burge mutane. Sauran rabin labarin manyan masana, kuma duk kusan kanwar ja ce: wannan tun bai daɗe da yaye ba yake ba malamai kunya, wancan ya manta da ci da wanka, wani ya ƙare ana kulle shi a ɗaki. Kawu ya ga yara suna shiga ajinsa kamar masu shiga wurin allura, ya ce bari ya yi musu tarko da wasa, in sun shigo ya rufe ƙofa ya koya musu na gaskiya.

A bikin rufe lakwal na shekarar ya gwada ɗaya daga cikin wasannin, gaban iyaye da kumandan mai mulkin yankin. Ya tayar da wani dattijo mai sayar da kifin tabki, ya ce ya riƙe lamba a zuci, ya ninka, ya ƙara kaza, ya raba biyu, ya cire wadda ya fara da ita. Sai Kawu ya faɗi abin da ya rage. Dattijo ya saki sandarsa ya hau salati, fili ya ɗauka. Kawu ya juya ga tabulo, allon aji, da alli a hannu don ya nuna cewa ko wace lamba aka riƙe amsar ba ta canzawa, abin da yaro ɗan ajin farko zai gane in ya tsaya. Daidai nan makaɗa suka fara. Ina zaune ina kallon bayansa yana rubutu yana bayani, benci kuwa suna ta zama wayam, kowa ya bi ganga. Da ya juyo, daga mu ƴan gida sai wata makauniya da ba ta sami mai ja mata gora ba.

Daga ranar Kawu bai sake zama malamin lissafi kawai a idon gari ba. Ɗalibai suka ari littafin, ya bi hannu ya bi hannu, wanda ba ya jin Faransanci ya kalli hoton bango a fassara masa sauran a majalisa, mai fassara kuma ya ƙara gishiri. Wasu irinsa na Ingilishi suka shigo daga Jibiya, duk da irin hotunan da irin labaran. Mutanen da ba su taɓa zama ajin lissafi ba suka san komai a kansa: abu ne na tsirarun mutane, da shi ake haihuwarsu, kuma ƙarshensa taɓuwa.

Sai sallama ta yi yawa a ƙofar gidanmu. Mai ɓatan akuya ya zo. Mai son sanin ranar da ruwa zai sauka ya zo. Wata ta zo da tsohon ciki tana tambayar mace ne ko namiji. Kawu kuwa, maimakon ya sallame su a ƙofa kamar yadda na sha gaya masa, sai ya sa a kawo ruwa, ya tara tsakuwa a ƙasa, ya hau nuna musu yadda wasan yake daga tushe. Su saurara da ladabi, su yi godiya, su fita suna cewa kai, mutumin nan ya iya ɓoye abinsa. Duk bayanin da ya ƙara, sai ya ƙara musu tabbaci.

Yana da wani aboki a Gabi, manomi mai bin addinin kakanni, wanda yakan kawo masa sabon gero duk kaka. Wata rana suna zaune a zaure, abokin ya duba hagu da dama, ya ce, "Mushe, tsakanina da kai, naka mi yake sha? Jan zakara ko baƙin bunsuru?"

Kawu ya ce, "Alli yake ci, da jan biro."

Abokin ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ba komai, kowa da nasa sirri, shi ma ba ya faɗin nasa. Kawu ya yi fushi na gaske, ya yi rani guda ba ya amsa masa gaisuwa yadda ya kamata. Da kaka ta zo sai ga dami ya iso kan amalanke kamar kullum, aka shirya, amma ko wannensu bai sauka daga kan bakansa ba.

Maƙwabcinmu kafinta, ɗan majami'ar mishan, shi ta wata hanya ya biyo. Ya shigo da matarsa da yamma, suka ce sun zo su yi wa Kawu addu'a Allah ya raba shi da abin da ya riƙe. Kawu ya ce ya karɓi addu'a, amma da sharaɗin kafinta zai zauna ya koyi wasan. Ya zauna, ya koya, ya gane sarai, har ya ji kunya ya ba da haƙuri. A duk garin shi kaɗai na sani wanda bayanin ya shiga. Da murna ya je ya gwada wa ƴan'uwansa bayan sujada ranar Lahadi, yana so ya wanke maƙwabcinsa. Kafin sati ya zagayo labari ya bazu cewa Mushe ya shafa wa kafinta abinsa.

Sau ɗaya na ga Kawu ya ɗaga murya har kaji suka watse. Wani magidanci ya taso daga garin Sarkin Yamma da allo sabo fil, ya ce ɗansa zai zauna jarabawa, yana roƙon Mushe ya rubuta masa lissafi mafi wuya a wanke yaron ya sha. Kawu ya miƙe tsaye ya ce shi ba ya raina rubutun malamai, na Alkur'ani ne, yana da hurumi, amma wannan ba aya ba ce, aiki ne, kuma ba a taɓa shan noma a ƙwarya ba. Mutumin ya naɗe allonsa cikin buhu ya fita yana cewa masu abu dama rowa gare su. Kawu ya wuni bai ci abinci ba.

Ga Kawun da ni na sani, wanda babu littafin da ya zana irinsa. Mutum ne mai tulin kaye, littattafan rubutun ɗalibai, a gefen tabarma, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da jan biro, yana tsaki, yana gyara tabarau da aka ɗaure da zare. Ba shi da saurin lissafin baka ko kaɗan, Inna ta fi shi nesa, kuma ba ya jin kunyar faɗi. In ya yi kuskure a tabulo ba ya gogewa a ɓoye, yakan ja layi a kai ya ce kowa ya duba inda Mushe ya faɗi. Kalmar da ta fi yawa a bakinsa ita ce "Sake." Ka kawo amsa ba daidai ba, sake. Ka kawo daidai amma ba ka san dalili ba, sake. Yakan ce lissafi duƙawa ce, wanda ya duƙa ya kai ƙarshen kunya, wanda ya tsaya yana kallon gona ya ce tana da faɗi.

A shekarun nan da lakwal ta yi ta rufewa saboda yajin aiki, har aka yi shekarar da ta tashi a banza, shi bai rufe tasa ba. Ya jingina tabulo a gindin itacen bedi na ƙofar gida, ya ce duk wanda aka taɓa ce wa daƙiƙi ya zo. Su ya fi so. Masu kaifin kai yakan ba su aiki ya tura su gefe, ya zauna da wanda ya kasa, ya bi da shi a hankali har rana ta yi sanyi. Da yawa cikinsu sun ci jarabawa, wasu suna aiki yanzu a Maraɗi da Yamai. Kuma ka tambayi iyayensu, za su ce maka Mushe ne ya tofa musu.

Littattafan nan ya tsane su daga baya, tsana mai tsanani. Yakan ce sun yi wa lissafi aikin maroƙi, sun yi masa kirari har talaka ya ji tsoron matsowa. Ya ce a ciki ba za ka ga mutumin da ya kwana bakwai yana kuskure ba, sai wanda amsa ta faɗo masa yana wanka. Ya bi ɗalibai ya karɓe waɗanda ya iya karɓewa, ya zuba a akwatin ƙarfe ya tura ƙarƙashin gado. Na ce masa ya cinna musu wuta mu huta. Ya dube ni kamar na ce a yanka jariri, ya ce shi malami ne, ba ya ƙona littafi ko da na ƙarya ne. Mun yi musu sosai a kan wannan, kuma har gobe ina ganin ni ke da gaskiya.

Sai ciwo ya zo. Ya faɗi a bakin rijiya da safe, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Lokotoro a Maraɗi ya ce hawan jini ne ya fasa jijiya a kai, irin wanda ke kama mahauci da liman da mai sayar da goro. Da aka dawo da shi harshe ya karye, kalmomi suna cakuɗe masa, ya nemi ruwa ya ce gishiri. Yakan zauna a inuwa yana jan layi a ƙasa da yatsan hagu, ni na san ƙoƙari yake ya koya wa hannun rubutu. Masu wucewa suka ga tsoho ba aski, yana zane a ƙasa yana magana ba kai, suka gyaɗa kai. Sun riga sun ga hoton a bangon littafi, ga shi yau a unguwarsu. Ba wanda ya yi mugunta, har kunu ake aiko masa. Amma magana ta zauna daram cewa lissafi ya juya wa Mushe kai, shi kuma yana ji, ba shi da bakin da zai ce sake.

Bayan addu'ar bakwai na ga abin da ya ƙarasa ni. Na shigo ɗakin Inna na tarar an jawo akwatin, mata sun kewaye shi, tana yago shafi tana miƙa wa kowace. Wai tabarraki, a jiƙa wa yara su sha kafin jarabawa. Ita Inna so take kayan su bar mata gida ko ta wace hanya. Na tare wata da na ji da kunnena tana cewa lissafi ne ya haukata shi, na ce to ke da kika san haka, me za ki yi da shi a cikin ɗanki? Ta dube ni kamar ni ce marar hankali, ta ce, "Haba Malama, ai kaɗan za a jiƙa."

Da lokacin komawa lakwal ya matso aka zauna maganar Auta. Ƙannen Kawu biyu suna nan, da Inna, da ni. Ba wanda ya ce kada ta yi karatu, wannan gidan ya wuce nan. Cewa suka yi ta tafi lise, amma ta bi ɓangaren harsuna, ta zama malama ko ma'aikaciyar ofis cikin hankalinta. Inna ta ce da ni, "Ɗiyata, ni na yi jinyar abin ga, ba ke ba. Ya ci mini miji, ba ni ba shi ɗiya."

Na manta da kunya ranar. Na faɗi abin da lokotoro ya faɗa, na lissafo musu mutanen unguwa da hawan jini ya kayar waɗanda ko sunansu ba su iya rubutawa. Na aika aka kira kafinta ya ba da shaida, ya tara tsakuwa ya nuna musu wasan kamar yadda aka nuna masa. Na tuna musu wasiyyar mamaci, na ce duk wanda ya take ta shi da Allah. Na yi kwanaki ina zarya tsakanin Safo da Madarunfa a bayan amalanke, in kama wannan in saki wancan. Ƙannen suka gaji suka ce in yi yadda na gani. Inna ta fi wuya, amma daga ƙarshe ta share ido da bakin zane ta ce tunda shi ya so, ta bari, Allah ya tsare.

Na fito da sauri in kai wa Auta albishir. Na same ta a bayan gida tana wanki. Na gaya mata an gama, kowa ya yarda, seri C ta tabbata. Ba ta ɗago ba. Ta matse rigar da ke hannunta, ta ce ita ta riga ta je ta gaya wa darakta a mai da ita ɓangaren harsuna.

Na zaci tsoron Inna ne, na ce Inna ta saki. Ta ce ba Inna ba ce. Ta ce lokacin jinya, in Baba ya yi barci, takan jawo akwatin ta karanta, ta karance su duka kafin a yage.

"Yaya, kowa a ciki tun yana ƙarami aka san shi," in ji ta. "Ni kuwa kin san ni. Sai na sake, na sake, kafin in gane."

Na ce ai wannan shi ne lissafin, shi ubanki ya yi ta faɗa har muryarsa ta tafi.

"Shi kaɗai ya faɗa. Nuna mini littafi guda da aka sa mai sakewa a ciki." Ta tsoma wata rigar a ruwa. "In ba ni da baiwar, in je in sha kunya. In kuma ina da ita, kin ga Baba."

Na fara maganar hawan jini, ta tare ni, ta ce ta sani, ita ke ba shi maganin da hannunta safe da yamma. Ta ce kanta ya sani sarai. Amma tun da aka dawo da shi daga Maraɗi, duk lokacin da ta duƙa kan kaye amsa ta fara zuwa mata da sauri, sai gabanta ya faɗi ta rufe.

Na iya da kawunai, na iya da uwa, na iya da gari. Littafin da ta ce in nuna mata ba ni da shi, ban kuma san inda ake sayar da shi ba.

Ni na raka ta tasha ranar tafiya. Tana Maraɗi yanzu, tana karatun harsuna, ana yabonta, kuma ba na fushi da ita ko kaɗan. Fushina yana kan waɗanda suka zauna a wata ƙasa suka rubuta wa lissafi kirari don littafi ya yi daɗin karatu, ba su san akwai wata yarinya a Madarunfa da za ta auna kanta da shi ba.

Tunda ba a yi masa shaidar da ta dace ba ranar makoki, ga tawa, a rubuce. Kawu ba boka ba ne, ba shi da aljani, ba shi da wata baiwa da ta wuce haƙuri. Malami ne, ya duƙa har ƙarfinsa ya ƙare. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, ya sa wahalar da ya sha da ƴaƴan mutane ta tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani.

Kawu, ka ce in tsaya mata, na tsaya. Ban iya ba.